Yashin Kyanwa: Daga Ramin Haƙa Zuwa Juji

Duk mai kiwon kyanwa a cikin ɗaki ya san hidimar nan: akwati mai faɗi a lungu, a zuba masa abin da kyanwa za ta tona ta yi bahaya ta binne, kullum a kwashe abin da ya ɓaci, in buhu ya ƙare a sayo wani. Kyanwar da ke zaune a gida cikin kulawa takan kai shekara 15, wata ma ta wuce. A lissafa buhunan da za su shigo gida a tsawon wannan rayuwa, a ninka da miliyoyin gidajen da ke da kyanwa a duniya, sai a ga abin ya tashi daga ƙaramar hidimar gida ya koma maganar haƙar ma'adinai, da man da tireloli ke sha, da jujin birane, har da lafiyar dabbobin teku.

Masu sayarwa sun lura mutane sun fara damuwa da wannan, shi ya sa buhuna suka cika da hoton koren ganye da alkawura: kayan nan daga tsiro aka yi shi, yana ruɓewa, ana iya kora shi a masai. A ganina babu ɗaya daga cikin waɗannan alkawura da ya isa a yanke hukunci da shi. Sai an bi kayan tun daga inda aka samo shi har inda zai kwanta. A tsakiyar wannan tafiya kuma akwai kyanwar kanta, wadda in ta ce ba ta yarda ba, duk lissafin ya rushe.

Kafin 1947, abin da aka saba zubawa shi ne yashi ko toka ko ƙasar lambu. Toka na bin tafin kyanwa ta ɓata ɗaki, yashi kuma ba ya danne zarni, saboda haka yawancin maguna a waje suke biyan buƙatarsu. A wannan shekarar ne wani matashi a jihar Mishigan ta Amurka, Edward Lowe, wanda ke sayar wa masana'antu busasshen yumɓu na tsotse man da ya zube a daɓe, ya ba wata maƙwabciyarsa yumɓun a maimakon yashin da ta zo nema. Da ta dawo neman ƙari sai ya gane sana'a ta samu. Ya ɗura shi a ƙananan jakunkuna ya raɗa masa suna Kitty Litter. A 1984 wani masanin kimiyyar sinadarai, Thomas Nelson, ya fito da nau'in da ke curewa, wanda aka yi da yumɓun da ake kira bentonait. Waɗannan biyun su suka sa zaman kyanwa a ɗaki dare da rana ya zama abin da mutum zai iya jurewa.

Bentonait asalinsa tokar duwatsu masu aman wuta ce da ta zuba cikin tsohon teku miliyoyin shekaru da suka wuce, ta kwanta ta rikiɗe ta zama yumɓu. Nau'insa mai sinadarin sodiyam yana da hali guda da ya sa ya mamaye kasuwa: da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ninkin-ba-ninkin ya manne da juna. Kyanwa ta yi fitsari, kafin wani lokaci wurin ya zama curi mai tauri. A sa cokali mai huda-huda a ɗago, busasshen ya zube ta ramukan ya koma akwati, curin kuma ya tafi leda da zarninsa. Dole a yi masa adalci a nan. Tunda abin da ya jiƙe kaɗai ake cirewa, wanda ake zubarwa bai kai na tsohon yumɓun da ba ya curewa ba, wanda sai an juye akwatin ɗungurungum duk bayan 'yan kwanaki.

Matsalar tana can inda ake samo shi. Amurka na haƙo sama da tan miliyan 4 na bentonait a shekara, mafi yawansa daga jihar Wayomin, kuma alƙaluman hukumar binciken ƙasa ta Amurka sun nuna kusan rabinsa yana ƙarewa ne a matsayin abin tsotse ƙazantar dabbobin gida. Mafi yawan sauran ya tafi haƙar rijiyoyin mai da masana'antun ƙarfe. Sin da Indiya da Turkiyya da Girka su ma manyan masu haƙarsa ne. Ba rami mai zurfi ake shiga ba, buɗe ƙasa ake yi daga sama. Katafila ta kwashe ciyawa da ƙasar sama ta tara gefe, a ɗauke duk abin da ya danne shimfiɗar yumɓun, a kwashe yumɓun a manyan motoci, sannan a maida ƙasa a rufe a watsa irin ciyawa. Doka a Amurka ta wajabta wannan gyaran, kuma ana yin sa. Amma ciyawa daban, daji daban. Gajerun itatuwan ƙamshi na wannan yanki, waɗanda wasu tsuntsaye da namun daji suka dogara da su, sukan ɗauki gomman shekaru kafin su koma yadda suke.

Bayan haƙa sai busarwa. Yumɓun na fitowa da danshi, sai an bi da shi ta manyan tandayen masana'anta masu juyawa, masu cin gas ko gawayin ƙasa. Daga nan sai jigila, kuma wanda ya taɓa ɗaukar buhun yashin yumɓu daga mota zuwa ɗaki ya san kaya ne mai nauyi. Nauyin nan sau biyu ake jansa: sau ɗaya daga ma'adini zuwa gida, sau ɗaya daga gida zuwa juji, a karo na biyun ma ya ƙara nauyi da fitsarin da ya sha. Abin da ya ɗauki miliyoyin shekaru yana samuwa, a mako biyu ya gama aikinsa.

Akwai kuma ƙura. Yumɓu na ɗauke da ɗan ɓarɓashin silika mai tauri, ma'adinin da ke cikin yashi, kuma tun 1997 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya shaƙar irin wannan ƙurar a wuraren aiki cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji. Wannan hukunci ya shafi ma'aikatan da ke yini cikin ƙurar shekara da shekaru, ba mai zuba buhu ɗaya a wata ba, don haka ba abin tayar da hankali ba ne. Sai dai gidan da ke da mai asma, mutum ne ko kyanwa, yana da dalilin neman nau'in da ba ya tayar da ƙura.

Nau'in nan mai kama da tsakuwar gilashi, fari ko mai ratsin shuɗi, shi ma daga ma'adini yake. Yashi ake narkawa da sinadari a wuta mai tsananin zafi kafin a samar da shi. Ya fi yumɓu sauƙin nauyi kuma yana daɗewa a akwati, amma makamashin da ya ci a masana'anta ba kaɗan ba ne, kuma ba ya ruɓewa.

Sai na tsirrai, waɗanda su ne ake tallatawa da sunan muhalli: na garin katako da aka matse ya zama 'yan ƙwayoyi, na tsofaffin takardu, na masara, na alkama, na ɓawon goron turawa mai tauri, na rogo, da na dusar waken suya da ta rage bayan an tace madararsa. Kuskure ne a zuba su duka a kwando ɗaya. Tambayar da ta raba su ita ce, kayan saura ne da dama za a zubar, ko kuwa noma shi aka yi? Garin da ya zubo daga injin yankan katako, da jaridar da aka riga aka karanta, da ɓawo, da dusa, duk sun riga sun biya kuɗinsu a aikin farko. Maida su yashin kyanwa ƙarin amfani ne. Amma inda ƙwayar hatsi ce kanta aka niƙa, to an ci gona, an ci ruwa, an ci takin zamani da man tarakta, don abin da kyanwa za ta yi fitsari a kai. Na hatsi kuma in ya zauna a wuri mai laima yakan yi fumfuna, yakan ja ƙwari. Nisan tafiya ma yana cikin lissafi, ko da yake ba yadda mutane suka ɗauka ba: jirgin ruwa na jan tan guda da man da bai kai na tirela ba nesa ba kusa ba, saboda haka kaya mara nauyi da ya ƙetaro teku ba lallai ya fi mai nauyi da ya yi doguwar tafiya a titi illa ba.

To, a ce an samu na garin katako mai kyau. Ina zai je bayan an kwashe? A nan ne alkawarin ruɓewa ke yin rauni. Ruɓewa mai amfani na buƙatar iska da danshi da ƙananan halittun ƙasa. A babban jujin birni kuwa, ana ƙulle shara a leda, a danne ta da injin, a rufe da ƙasa, a ɗora wata a kai. Iska ba ta shiga. Abin da ya fito daga tsiro ko dai ya zauna shekaru bai canza ba, ko ya ruɓe a hankali babu iska ya fitar da iskar metan, wadda a cikin shekara 20 ƙarfinta na ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon kusan sau 80. Wasu jujin suna da bututun kama metan, wasu ba su da shi. Yumɓu a juji ba ya fitar da komai, wuri kawai yake ci. Wato yumɓu ya gama ɓarnarsa tun kafin ya iso gida, na tsiro kuma tasa tana iya jiransa a gaba. Inda ake ƙona shara a samar da lantarki da zafi, kamar yadda ake yi sosai a Japan da Suwidin, lissafin ya juya: na katako da takarda su ci wuta su ba da makamashi, yumɓu kuma ya fito a matsayin tokar da sai an sake nema mata wuri. Saboda haka buhu ɗaya na iya zama zaɓi mai kyau a wannan birni, a wancan kuma ya zama bai tsinana komai ba. Kafin mutum ya karanta jikin buhu, ya kamata ya san inda sharar unguwarsa take zuwa.

Akwai wani lamari da ya faru nesa da kowace kyanwa wanda ya nuna cewa "na tsiro" da "mara haɗari" ba abu ɗaya ba ne. An daɗe ana amfani da yashin kyanwa na yumɓu wajen tsotse ruwa a gangunan sharar nukiliya. A Fabrairun 2014, wata ganga ta fashe a ma'ajiyar irin wannan shara da ke ƙarƙashin ƙasa a jihar New Mexico ta Amurka. Bincike ya gano cewa a cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos an cika gangar da yashin kyanwa na alkama a maimakon na ma'adini, alkamar kuma ta haɗu da gishirin sinadarin da ke ciki ta ɗauki zafi. Sai da aka rufe ma'ajiyar kusan shekara uku. Kayan da ya fito daga abu mai rai yana ci gaba da aiki da abin da ya haɗu da shi; alherinsa ke nan, haɗarinsa ma ke nan.

Alkawarin da ya fi damuna shi ne na korawa a masai. Na bentonait dai ba a ma maganarsa, zai kumbura ya toshe bututu. Amma ko wanda ke narkewa a ruwa sarai, matsalar ba a yashin take ba, a kashin take. Akwai ƙwayar cuta mai suna Toksoplasma, wadda aka gano a 1908. Tana iya shiga jikin kusan kowace dabba mai ɗumin jini, har mutum, amma a hanjin dangin kyanwa kaɗai take kammala haihuwarta. Kyanwar da ta kamu a karon farko, yawanci ta hanyar cin ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama, takan yi mako ɗaya zuwa uku tana fitar da miliyoyin ƙwayayen cutar a kashinta. Ido ba ya ganin su, ɓawonsu kuma da tauri: suna iya wuce shekara a ƙasa mai laima, suna yin watanni a ruwan teku, sinadarin kulorin ba ya kashe su, matatun ruwan ƙazanta kuma ba don su aka gina su ba.

A gaɓar tekun jihar Kalifoniya ta Amurka an tabbatar cutar na kashe karnukan ruwa na teku, ta hanyar kumburin ƙwaƙwalwa. A Hawayi tana kashe wani nau'in dabbar teku da ake kira sil, wanda duk duniya bai kai 2,000 ba. Gaskiya ne cewa babbar hanyar da ƙwayayen ke bi zuwa teku ita ce ruwan sama da ke wanke kashin magunan waje da na daji daga doron ƙasa, amma hakan bai zama hujjar ƙara buɗe musu wata hanya ta bututu ba. Shi ya sa a 2006 Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta a rubuta a jikin duk buhun yashin kyanwa da ake sayarwa a jihar cewa kada a kora kashin a masai ko a zuba shi a magudanar ruwa. A ƙulle shi a sa a shara, shi ne abin da ya fi aminci.

Wani abu mai sanyaya zuciya game da ƙwayayen nan shi ne, ba sa iya kama kowa nan take; sai sun yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje. Wanda ke kwashe kashi kullum ya riga su. Mai juna biyu da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su ne abin ji, domin cutar na iya taɓa idanu da ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Shawarar likitoci ita ce wani ya karɓi aikin kwashewar, in babu kowa a sa safar hannu a wanke hannu da sabulu. Ba dalili ba ne na rabuwa da kyanwa, musamman wadda ba ta fita farauta kuma ba a ba ta ɗanyen nama.

Taki fa? Yana yiwuwa, da sharaɗi. Zafin da ke kashe ƙwayayen cutar ba kasafai tulin takin gida ke kai shi ba, don haka kashi ya tafi shara. Garin katako ko takardar da fitsari kaɗai ya jiƙa ana iya tara su a tuli na daban, nesa da rijiya da hanyar ruwa, a bar su fiye da shekara, a zuba wa furanni da itatuwan ado. Kada ya kusanci abin da za a ci. Wasu birane, irin su Toronto ta Kanada, na karɓar ƙazantar dabbobin gida cikin sharar da hukuma ke sarrafawa a masana'anta. Da yawa kuma sun hana.

Duk wannan lissafin ɗan Adam ne. Kyanwa da nata. Kakanninta magunan daji ne na busassun yankunan Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma har yau abin da tafinta ke nema shi ne ƙasa mai laushi da za ta tona ta binne. Gwaje-gwajen da aka jera wa maguna akwatuna daban-daban sun nuna yawancinsu na zaɓar mai ƙananan ƙwayoyi kamar yashi. Turaren da ake sa wa wasu buhuna don hancin mai gida aka sa shi. Hancin kyanwa ya fi namu ji ƙwarai, abin da muka ji ƙamshi ne ita yana iya korar ta. Wanda ya tsaya ya kalli kyanwar da ba ta son abin da aka zuba mata zai gane nan da nan. Za ta shinshina ta ja da baya. In ta matsu sai ta ɗare gefen akwatin da ƙafafu huɗu don kada tafinta ya taɓa ciki, ta yi abin da za ta yi, ta yaƙushi bango ko daɓe a maimakon yashin, ta yi tsalle ta fice tana kakkaɓe ƙafa ba ta binne komai ba.

In ba a kula ba, mataki na gaba shi ne katifa ko bayan kujera. Ɓata ɗaki na cikin manyan dalilan da ke sa mutane su gaji su kai kyanwa gidan ajiyar dabbobi ko su buɗe mata ƙofa ta koma waje. Kuma kyanwar waje ita ce babbar matsalar muhalli a duk wannan zance. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa maguna masu yawo na kashe tsuntsaye biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 duk shekara a Amurka kaɗai, mafi yawa a hannun waɗanda ba su da mai su. Kyanwar wajen ce kuma ke cin ɓera ta kamu da Toksoplasma, ta binne kashinta a lambu, ruwan sama ya kwasa. Wanda ya tilasta wa kyanwarsa yashin da ta ƙi saboda kishin muhalli har ta ƙare a titi, ana maganin ƙaba ne kai na kumbura.

Ga inda na tsaya. In kyanwa ta karɓa, na fi yarda da wanda aka yi da saura, garin katako ko tsohuwar takarda ko dusa, mara turare, wanda ba a janyo shi daga nesa ba, a babban buhu don rage leda. In ta ƙi, a koma bentonait ba tare da jin laifi ba, a yi tattalinsa: zurfin kamar santimita 5 zuwa 7 ya isa, a riƙa kwashe curi kullum don kada sauran ya ɓaci har a zubar da shi duka. Mai son rage nauyin kyanwarsa a kan duniya kuma ya duba kwanon abincinta, domin binciken wani masani, Gregory Okin, na 2017 ya ƙiyasta cewa naman da karnuka da magunan Amurka ke ci ya kai kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na illar da samar da nama ke yi wa muhalli a ƙasar.

Sauya yashi ba a yin sa rana ɗaya. A fara da ɗan sabon a gauraya da tsohon, a riƙa ƙarawa cikin mako ɗaya ko biyu, ko kuma a ajiye akwati biyu kusa da juna a bar ta ta zaɓa. Gidan da ke da maguna da yawa, ƙa'idar likitocin dabbobi ita ce akwati ɗaya ga kowace, a ƙara ɗaya a kai. 'Yan ƙananan da ba su daɗe da yaye ba kada a zuba musu mai curewa, don sukan ɗanɗana, abin da ke kumbura a akwati kuma zai iya kumbura a ciki. Idan kuwa kyanwar da ta saba da akwatinta ta fara kauce masa ba a canza komai ba, ko tana yawan tsugunawa fitsari ba ya fita, ba maganar yashi ba ce. A muzuru musamman, toshewar mafitsara na iya kisa cikin kwana biyu ko uku, sai a garzaya da shi wurin likitan dabbobi a ranar.